Wuyan Hannun Amariya

Duk wanda ya taɓa cin tuwon shinkafa a bayan tashar Jega ya san Amariya, ko da bai san sunanta na yanka ba. Ni da muke jini ɗaya ma sai na ɗan yi tunani kafin in tuno shi. Ranar da aka kawo ta garin nan daga Sarandosa aka ce ga amariya, sunan ya manne mata, har yau da furfura ta cinye gaban kanta, jikoki suna ja mata zane. Taubashiyata ce, uwarta ƙanwar babana. Saboda haka ina da lasisin faɗin abin da na ga dama a kanta, kuma shi wannan, ba kamar na tuƙi ba, bai taɓa ƙarewa ba.

Sunana Almu. Ina jan mota tsakanin Jega da Maiyama, ran da hanya ta yi kirki in ratse har Sarandosa.

Rumfar tata ba abin kallo ba ce: kwano mai tsatsa, benci biyu, murhu, da wata tukunya da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Abin da ke tara mu miyar taushe ce. Kabewa, ko kabushi kamar yadda muke cewa a nan, kowa na iya jefa ta a tukunya, amma sanin iyakarta shi ne aikin. Wata miyarta ruwa ne da aka nuna wa kabewa daga nesa. Wata kuma ka ce yaɓen ɗaki za a yi. Ta Amariya takan tsaya a kan tuwo, ta sauko a hankali kamar tsohuwa daga mota.

Asirin yana wuyan hannunta na hagu. Ba a daɗe da rasuwar mijinta ba santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, hannun ya karye. Ni na kai ta Aliero wurin masu ɗori. Mutumin ya yi aikinsa tsaf, ya ɗaure da karare, ya ce kada a kwance sai ya ba da izini. To, yara ba su san karaya ba, yunwa suka sani. Ta kwance da kanta lokaci bai yi ba, ta koma bakin murhu, ƙashin ya haɗe da 'yar karkata. Tun daga nan, in ta fere kabewa ta yayyanka a wani tsohon kwanonta mai lotsawa a gefe, sai ta ɗaga shi da hannun nan. In ya yi shiru, ta ƙara. In ya yi tsam, ya isa. In ya yi ihu, ta rage. Shekara da shekaru hannun bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma bai taɓa ba ta hutu ba.

Don gidan gaba ɗaya daga tukunyar nan yake ci. Ɗanta na fari, Nafi'u, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce mai babur, kabu-kabu yake yi, amma babur ɗin ya fi sabawa da bakanike a kan fasinja. Ga matarsa Sakina, ga yaransu. Sau ɗaya Amariya ta taɓa tafiya biki Gumbin Kure ta bar wa Sakina tukunya. Sakina ta iya girki, ba a cewa komai, amma miyar ta sauya, mu kuwa direbobi ba mu da amana a kan miya. Muka tsallaka rumfar da ke kallon tata, wasu ba su dawo ba sai da damina ta wuce. Gidan ya ji jiki a wannan shekara. Daga ranar ba ta sake kwana a wajen Jega ba.

A Sarandosa kuwa akwai yayarta Dije. Ita ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta fara miƙa mata muciya. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, miji ya rasu, ba ɗa a raye, sai ɗakinta da awakinta. Duk ran da na shiga garin, da jin takuna sai ta ɗaga kai.

"Almu na?"

"Ni na, Yaya Dije."

"Kai ɗai?"

"Ni da buhun gishirin mutane."

"Ka ce mata ban ce ta kawo man komi ba. Ta taho ta kwana ɗakina, mu yi hira awa yadda munka saba a da. Ido ya tahi, kunne bai tahi ba tukuna."

In na kawo saƙon, Amariya ba ta ko ɗagowa daga kwashe tuwo.

"Bayan wagga kasuwa."

"Wace? Tun ina da gashi a kaina kike hwaɗin haka."

"Bawa, ci tuwonka ka ba mutane wuri."

"Wa ab bawan wani? Ni da ubana ya aurar da uwarki?"

Haka muke yi kullum. Amma wata ranar da benci ya zama ba kowa, ta zauna a kan bokiti tana murza hannun, ta ce mini ba ta roƙon Allah Makka ko gidan bene. So take ta yi barci har rana ta fito ba wanda ya tambaye ta ko miya ta nuna. Ta zauna gindin tsamiyar gidansu ta yi wa Yaya kitso, tun daga goshi har ƙeya, ba wanda ya ce a ƙaro masa malmala. Lokacin ma da ya rage mata kaɗan ne, don Sakina na da ciki, in ya tsufa za ta tafi gidansu haihuwa. In za a yi tafiyar, kafin nan ne.

Muntari mahauci, wanda ke kawo mata ƙashin miya, shi ya kawo shawara ta farko. Ya zo da sikelinsa na ratayawa, mai ƙugiya da fuska kamar agogo.

"Amariya, zamani ya zo. Abin da hannunki ya sani, mu ɗora ma ƙarhe shi riƙe. Ƙarhe ba shi zuwa Sarandosa."

Ta yanka, ta ɗaga, hannu ya yi tsam. Aka juye a leda aka rataya, allura ta tsaya tsakanin kilo huɗu da biyar. Muntari ya sa bakin wuƙa ya karce wurin. Aka yi shawara gobe Amariya ta zauna a gida har miya ta sauka, a gani.

Washegari da rana ta yi muka taru. Sakina ta zuba. Miyar ta bi gefen tuwo da gudu ta taru a gindin kwano tana kallonmu. Wani ya leƙa ya ce, "Sakina, kabushin na hanya, ko ya hwasa zuwa?" Wani ya ce a miƙo masa sabulu tunda an riga an kawo ruwan wanke hannu.

Amariya ta iso, ta ɗaga ludayi, ta bar miyar ta zuba. Ba ta ɗanɗana ba.

"Muntari, yaya kunka auna?"

"Daidai kan zane, wallahi. Ni da kaina na raka ta wurin mai kabushi, na rataya su."

"Ɗungurungum? Da ɓawo da ɗiyan ciki?"

"To, nama da ƙashinai ake auna shi. Wa ya taɓa cire ƙashi kahin awo?"

"Ƙashi ana tsotsa tai. Ɓawon hwa, kai za ka tsotse?"

Muntari ya cire hula ya sosa kai ya mai da. Shi har ga Allah taimako ya yi. Tun kakansa haka ake awo a gidansu.

Sai Sakina, wadda ba ta cika magana gaban surukarta ba, ta durƙusa ta ce, "Inna, tunda kullum cikin kwanon ga kike yankawa, ba sai in cika shi ba? Ba sai an wahal da sikeli ba."

"Haka na kuwa. Ki cika kwano, shi ke nan."

Abin da muka manta, Sakina ɗiyar Aliero ce, ubanta dillalin albasa. A gidansu ba a san a cika abu a shafe ba, abin kunya ne. Buhun albasa ma sai an tula masa har ya yi hula kafin a ɗinke. Washegari ta cika kwano irin cikawar gidansu, ta yi masa tozo har yankan kabewa na gangarowa. Miyar da ta fito, an tsayar da ludayi a tsakiyarta ya tsaya kamar an dasa. Ga zaƙi kamar an yi wa yara fate. Wani direban tirela ya daɗe yana duban kwanonsa, sannan ya ce, "Don Allah a nuna man wane na tuwon." Ni kuwa na ce a ara mini wuƙar Muntari in yanki miya. Ban san yarinyar na bayan rumfa tana kuka ba.

Amariya ta same ta can. Na ɗauka faɗa za a yi, har na matsa don in ji da kyau. Sai na ga ta ɗauki kwanon tana jujjuya shi, ta sa yatsa a kan lotsawar nan ta gefe.

"Share hawayenki, ɗiyata. Laihina na. In na ce cika, nan nike nuhi. Ni kaina ban san ina kallon wurin ga ba sai yau."

A nan ta gane abin da ta shekara tana yi ba da saninta ba. Ashe ba hannu kaɗai ba ne, hannu ne da ido. In hannu ya yi tsam kabewa ba ta kai lotsawa ba, sabuwar yanka ce mai ruwa a jiki, sai ta rage ruwan tukunya. In ta kai lotsawa hannu bai ce komai ba, ajiyayya ce da ta sha iska ta bushe, sai ta tsaya a nan ta ƙara ruwa. Aka dawo da sikelin Muntari, aka haɗa shi da kwano, aka ce wa Sakina ta riƙa tambayar su biyun.

Aka shiga koyo. Amariya na zaune a kan bokiti ta danne hannuwanta da cinyoyi, kamar wadda aka kama da laifi, bakinta na motsi ba sauti. Sannu a hankali miya ta dawo hayyacinta. Har aka kai ranar da muka cinye muka suɗe kwano ba wanda ya ce uffan. Da aka gaya mana Sakina ce ta yi, direban tirelar nan ya ce shi dama ya ji bambanci. Ƙarya yake yi, ƙari ya nema.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba: Amariya a cikin kasuwa da rana tsaka, ba wuƙa a hannu. Ta sayi jaka, ta zuba atamfa, sabulu, goro, mataji da man kitso. Na kai labari Sarandosa. Dije ta sa aka share ɗaki, aka aro tabarma sabuwa, aka kama kaza aka ɗaure a turke.

Safiyar tafiya ta faɗo ranar kasuwa. Na ba ta gaban mota, kujerar manya. Ta zo da lalle a ƙafa, mayafi mai ƙamshin adaka, ta zauna ta rungume jaka a cinya.

"Yau dai sunan ya dace da ke," na ce. "Saura ango."

"Ja bakinka ka ja mota, bawa."

"Saura mutum biyu, ranki shi daɗe."

Daga inda motata take ana hango rumfar. Muna zaune sai ga mai baro ya kawo kabewar ranar ya sauke. Zagayayyar da muka sani ta yanke a kasuwa, sai ya kawo wata da masu noman rani suka fara fitowa da ita: doguwar wuya kamar gora, fata sumul, wuyan duk tsoka, 'ya'yan sai can a gindi. Sakina ta ɗauki ɗaya ta jujjuya. Ta fere, ta yanka da kyar, ta rataya. Allura ta kai zanen Muntari, kwano ko kusa da lotsawa bai je ba. Ta tsaya da wuƙa a hannu. Ta dubi wajen mota, ta yi maza ta kau da kai. Ba ta kira ba, in faɗi gaskiya. Yarinyar ba ta kira ba.

"Wane irin abu na wancan?" in ji Amariya.

"Ba ruwanki. Ke hwasinja ta."

"Ruwa za ta ragewa. Haka nic ce mata, in nauyi ya riga kwano ta rage ruwa. Amma dubi yadda wuƙa ka maƙalewa. Wanga nauyi ba na ruwa na ba, Almu, tsoka ta. Tukunya za ta kamawa."

"Ta kama. Rana guda ta."

"Ranar kasuwa ta."

"Amariya, an ɗaure kaza."

Na ga hannun hagun yana matse jaka yana saki.

"Bari in taɓa kawai in dawo."

Ta ajiye jakar a kujera ta fita. Ina kallo ta tsallaka kwata da ƙafar lalle, ta karɓi yanka ɗaya ta soka farce, ta kai hanci. Ta ɗaga kwanon. Ta ce a ƙaro wata. Can sai na ga ta zare mayafin nan mai ƙamshi ta ɗaura a ƙugu, na san an gama.

Mota ta cika. Fasinja suka fara zagina da iyayena, akwai mai yaro ba lafiya a baya. Na danna oda, na sake dannawa. Ba ta juyo ba. Ta dai ɗaga hannun hagu da wuƙar a ciki ta kaɗa mini: tafi. Ta aiko a ce in kai jakar, in ce gobe.

Jaka ta yi tafiyarta a gaban mota kamar hajiya. Ban bari kowa ya zauna a wurin ba.

Dije na bakin ƙofa a kan sabuwar tabarma. Ta ji taku ɗaya, ba ta yi tambayar da ta saba ba. Na ajiye jakar a gabanta na ce an ce gobe. Ta zuge, ta riƙa fito da kayan ɗaya-ɗaya tana shafawa. Da ta zo kan man kitso ta buɗe ta shinshina, ta daɗe. Sannan ta ce a kwance kazar nan ta je ta yi kiwo.

Goben ba ta zo ba. Yau a kawo mai dogon wuya, gobe a haɗo ta da zagayayya, jibi a kawo wadda ta kwana biyu a rumbu. Sakina ta tsorata, ko gishiri za ta sa sai ta waiwayi Inna. Kafin a gane kan sabuwar kabewa ciki ya tsufa, aka zo daga Aliero aka tafi da ita. Muntari ya karɓi sikelinsa.

Zuwana Sarandosa na gaba, na tarar Dije ta ɗaure kayanta a zane, jakar na gefe.

"Motakka na da wuri?"

"Yaya, ba ke kika rantse ba ki barin ɗakin ga sai bisa makara?"

"Ita da rumhwatta ta hi ni rantsuwa. Na ba maƙwabta awaki. Kama man hannu."

Na kawo ta Jega ana tsakiyar cin abinci. Yadda suka rungume juna a bakin murhu, su biyu tsofaffi suna kuka hayaƙi na taya su, ba zan yi wasa da wannan ba. Direbobi suka matsa aka ba Dije benci. Amariya ta wanke kwano na musamman, ta zaɓi malmala, ta zuba miyar nan da aka san ta da ita daga nan har Yawuri, ta durƙusa ta ajiye a gaban yayarta. Muka zuba ido muna jiran yabo.

Dije ta lalubo, ta gutsura, ta dangwala, ta kai baki. Ta tauna a hankali.

"Kabushi ya yi yawa."

Wani ya ƙware da ruwa.

"Tun kina ƙarama nike hwaɗa miki ki rage. Ba ki ji."

Amariya ta dubi hannunta, ta dubi tukunya, ta fashe da wata dariya har da zama a ƙasa. Ta yi ta yi har muka daina taya ta, don mun ga ba dariya kaɗai ba ce.

Yanzu Dije na kwana a ɗakin Amariya. Da safe a riƙo hannunta zuwa rumfa, ta zauna a tabarma bayan murhu tana tsince 'ya'yan kabewa, tana tari, tana cewa garin nan ba ya barin kunne ya huta. An yi kitson kuwa, amma guntu-guntu: a kama layi ɗaya a ce a ƙaro miya, a saki. Rabin kai yakan kwana a tsefe. Jakar tana rataye a ginshiƙin rumfa, an mai da ita ma'ajiyar daddawa.

Rannan na ce mata, "To, taubashiya, buri ya cika. Ga ki ga Yaya. Sai ki gode ma bawanki."

Tana fere kabewa, ba ta ɗago ba.

"A da ina da wurin da nike burin zuwa, Almu. Kai kuwa ka riga ka ɗauko man shi, ka aje bayan murhu."

Ta gama yanka, ta ɗaga kwanon da hannun hagu, na ga fuskarta ta ɗan motsa, alamar ya yi tsam. Ta waiwayi Dije. Ta sa hannu ta cire yanka ɗaya, ta riƙe shi a sama kamar za ta ajiye gefe. Wata mota ta shigo tasha, direban tun bai kashe ba yake kiran a sa masa biyu. Ta mai da yankan cikin kwano, ta juye a tukunya.